Yadda Indiyawa Suka Janye Hannunsu Daga Mulkin Ingila

A ƙidayar jama'a ta shekarar 1931, mutanen Indiya sun haura miliyan 300, alhali Turawan da ke zaune a ƙasar, idan aka haɗa sojojinsu da 'yan kasuwarsu da iyalansu, ba su kai 200,000 ba. Manyan jami'an da ke riƙe da gundumomi, irin muƙamin da Di'o da Razdan suka riƙe a Arewacin Najeriya, ba su wuce dubu ɗaya da 'yan ɗoriya ba, kuma har a cikinsu akwai 'yan ƙasa. Mai karɓar haraji Ba'indiye ne, haka ɗan sandan da ke rako shi, haka akawun kotu da gandiroba da direban jirgin ƙasa, haka kuma mafi yawan sojojin da ake turowa idan gari ya rikice. Albashinsu duka daga aljihun manomin Indiya yake fita. A gefe guda kuma ga sarakunan gargajiya fiye da 500 waɗanda Ingila ta bar musu gadajen mulkinsu bisa sharaɗin biyayya. Saboda haka mulkin mallaka a Indiya aiki ne da Indiyawa ke yi da hannunsu kowace safiya, Bature yana sama yana sa hannu a takarda.

Wannan lissafi shi ne tushen gwagwarmayar lumana da Mohandas Gandhi ya jagoranta. Mutane da yawa suna ɗaukar ta a matsayin haƙuri da kai zuciya nesa kawai, ko kuma wata karama ta wani tsoho mai sanda da ɗan gwado. A ganina dabarar yaƙi ce da aka ƙera daidai da raunin abokin gaba: idan mulki yana tsaye a kan haɗin kan waɗanda ake mulka, to janye wannan haɗin kai a bainar jama'a, cikin tsari, tare da shirin ɗaukar hukuncin da zai biyo baya, yana iya girgiza shi fiye da harsashi. Sai an fahimce ta haka sannan za a gane inda ta yi tasiri da inda ta gaza, domin ta gaza a wurare masu nauyi ƙwarai.

An gwada makami tun da farko. A 1857 sojojin Indiya da ke aiki ƙarƙashin kamfanin Turawa mai mulkin ƙasar a lokacin suka yi tawaye, har suka kame Delhi, amma aka murƙushe su da rataya da ɗaure mutane a bakin igwa. A 1858 gwamnatin Ingila ta karɓi mulki kai tsaye, daga baya kuma ta taƙaita wa 'yan ƙasa riƙe makamai. Jam'iyyar Congress da aka kafa a Bombay a 1885 ta shafe shekaru a matsayin taron lauyoyi da 'yan boko masu rubuta takardun koke cikin ladabi. Sai a 1905, da Babban Gwamna Curzon ya raba lardin Bengal gida biyu, jama'a suka ƙaurace wa kayan Ingila suna ƙona yadudduka a titi, kuma a 1911 aka soke rabon. Ƙauracewa ta riga Gandhi zuwa ke nan. Abin da ya kawo shi ne horo da tsari, da iya shigar da talakan ƙauye cikin lamarin.

An haife shi a Porbandar a 1869, ya karanci aikin lauya a Landan, a 1893 kuma ya tafi Afirka ta Kudu inda ya yi shekara 21. A can ne, a 1906, gwamnatin Transvaal ta kawo dokar da ta tilasta wa Indiyawa yin rajista da dangwala yatsu, shi kuma ya jagorance su suka rantse ba za su bi ta ba. Hanyar da ya sa wa suna satyagraha tana da sharuɗɗa masu tsauri: a sanar da hukuma abin da za a yi tun kafin a yi shi, a karya dokar da ake ganin ta zalunci ce a fili ba a ɓoye ba, kada a rama duka, kada a gudu daga kamu, kuma kada a musanta laifi a gaban alƙali. Ya kamata mai karatu ɗan Afirka ya san cewa a shekarunsa na farko a can Gandhi ya rubuta kalaman raini a kan baƙaƙen fata, kuma kokensa a lokacin na Indiyawa ne kaɗai. Dalilin da ya sa ke nan malamai da ɗaliban Jami'ar Ghana da ke Legon suka matsa lamba har aka cire mutum-mutuminsa daga harabar makarantar a 2018.

Ya koma gida a 1915, kuma gwajinsa na farko ya zo a Champaran da ke lardin Bihar a 1917. Turawa masu gonaki suna tilasta wa manoman haya su shuka baba a kashi 3 cikin 20 na gonarsu, su sayar musu a farashin da suka ga dama. Da shunin kimiyya na Jamus ya karya kasuwar baba, sai masu gonakin suka ɗora wa manoma ƙarin kuɗin haya don su mayar da asararsu. Wani manomi mai suna Raj Kumar Shukla ya yi ta bin Gandhi gari gari har ya kawo shi. Da isarsa hukuma ta ba shi takardar ya fice daga gundumar. Ya ƙi fita, ya bayyana a kotun Motihari, ya ce lalle ya saɓa umarnin kuma a shirye yake a yanke masa hukunci. Alƙali ya rasa ta cewa, domin dubban manoma sun cika harabar kotu, kuma ɗaure shi zai mayar da ƙaramar magana babba. Aka janye ƙarar. Daga nan ya zauna da wasu lauyoyi, ciki har da Rajendra Prasad wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa na farko, suna rubuta bayanan dubban manoma ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan ƙauyensu da abin da aka ƙwace masa. Da waɗannan takardu aka je gaban kwamitin bincike, kuma a 1918 doka ta soke tsarin tilasta shuka baba. Wannan aikin tattara hujja, wanda ba ya burge mai kallo, rabin gwagwarmayar ne.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya Indiyawa fiye da miliyan ɗaya sun yi wa Ingila aikin soja, suna sa ran sakamako. Abin da suka samu a 1919 shi ne dokar Rowlatt, wadda ta ba gwamnati ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba. Gandhi ya kira ranar rufe kasuwanni da azumi da addu'a a 6 ga Afrilu. A birnin Amritsar na lardin Punjab abin ya ɓaci, aka yi tarzoma har aka kashe Turawa biyar. A ranar 13 ga wata, wadda ta dace da bikin Baisakhi, dubban mutane suka taru a Jallianwala Bagh, wani fili da gine-gine suka kewaye, mai ƙanƙanuwar mashiga. Janar Reginald Dyer ya tsayar da sojojinsa a bakin mashigar, ya ba da umarnin harbi ba tare da gargaɗi ba, aka yi kamar minti goma ana harbi har harsashi kusan 1,650 ya tafi. Wasu sun faɗa rijiyar da ke cikin filin suna neman tsira. Gwamnati ta ce mutum 379 ne suka mutu, Congress ta ce sun kai dubu. Abin da ya fi ƙona ran Indiyawa ma shi ne abin da ya biyo baya: an sauke Dyer daga muƙami amma ba a gurfanar da shi ba, Majalisar Dattawan Ingila ta goyi bayansa, wata jarida a Landan kuma ta tara masa gudunmawar fam 26,000. Gandhi, wanda har a 1918 yake taya Ingila ɗibar sojoji, daga nan ya yanke ƙauna da gyaruwar mulkin.

A 1920 aka ƙaddamar da shirin ƙin ba da haɗin kai. Lauyoyi irin su Motilal Nehru da Chittaranjan Das suka ajiye aikin da ke kawo musu dukiya, ɗalibai suka fice daga makarantun gwamnati, masu lambobin yabo suka mayar da su, aka ƙaurace wa zaɓe da kotuna da yadin Ingila. Jami'ar Jamia Millia Islamia, wadda ke Delhi a yau, a cikin wannan yunƙuri aka kafa ta. Gandhi ya sa kowa ya koma ga kaɗi da saƙin gida, har injin kaɗi na hannu ya hau tutar jam'iyya, kuma cikin shekara guda kuɗin yadin da ake shigowa da shi daga waje ya faɗi da kusan rabi. Ya kuma sake fasalin Congress, ya mayar da kuɗin zama ɗan jam'iyya anini huɗu na kuɗin Indiya a shekara, ya kafa rassa bisa harsunan larduna, don manomin da bai ji Turanci ba ya samu bakin magana. Ƙarfin wannan zango ya zo ne daga ƙawance da Musulmi. 'Yan'uwa biyu, Muhammad Ali da Shaukat Ali, tare da Maulana Abul Kalam Azad, suna jagorantar fafutukar kare Halifancin Daular Usmaniyya da Ingila ke shirin yayyagawa, Gandhi kuma ya rungumi wannan buƙata. Muhammad Ali Jinnah bai yarda da cakuɗa addini da siyasar titi ba, ya fice daga Congress a ƙarshen 1920.

A watan Fabrairun 1922, a wani gari mai suna Chauri Chaura, 'yan sanda suka harbi masu zanga-zanga, jama'a suka fusata suka kora su cikin caji ofis, suka banka masa wuta, 'yan sanda 22 suka ƙone. Cikin kwanaki kaɗan Gandhi ya dakatar da gwagwarmayar a faɗin ƙasa baki ɗaya. Shugabanni da yawa, ciki har da Jawaharlal Nehru da ke kurkuku, sun ji haushi matuƙa, suna ganin an tsayar da tafiya daidai lokacin da gwamnati ke tangal-tangal saboda laifin ƙauye guda. Har yau masana tarihi ba su daina gardama a kan wannan ba, wasu ma suna zargin cewa tsoron boren talakawa a kan masu ƙasa da 'yan kasuwar da ke ɗaukar nauyin jam'iyya ne ya sa ya ja birki. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin, domin attajirai irin su Birla da Bajaj suna cikin masu ba shi kuɗi. Amma idan aka dubi dabarar kanta, matakin bai saɓa mata ba. Gwamnatin mallaka ta ƙware wajen murƙushe tarzoma, tana da igwa da soja da dokar ta-ɓaci, kuma duk sanda aka kashe ɗan sanda sai ta samu hujja a gaban majalisar Landan, sauran 'yan sanda Indiyawa kuma su ƙara manne mata don tsoron ransu. Abin da ba ta san yadda za ta yi da shi ba shi ne taron da ke tsaye ana dukansa bai watse ba kuma bai rama ba. Duk da haka an biya farashi mai tsada. An ɗaure Gandhi a watan Maris, Turkiyya da kanta ta soke Halifanci a 1924, kuma ƙawancen Hindu da Musulmi bai sake kaiwa wancan matsayi ba.

Kololuwar lamarin ta zo a 1930. A taron Lahore na Disambar 1929 Congress ta ayyana cikakken 'yanci a matsayin burinta, aka bar wa Gandhi ya zaɓi inda za a fara. Ya zaɓi gishiri. Abokan tafiyarsa da dama sun yi mamaki, Babban Gwamna Irwin ma ya rubuta wa Landan cewa batun gishiri ba ya hana shi barci. Amma dokar 1882 ta mayar da haɗa gishiri da sayar da shi ikon gwamnati kaɗai, ta yadda matar da ke zaune a bakin teku idan ta kwashi wanda rana ta busar mata a ƙofar gida ta yi laifi. Harajin yana kan Hindu da Musulmi, yana kan mai kuɗi da matalauci, kuma matalaucin da ke zufa a gona ya fi jin sa. Ba a bukatar ilimin boko kafin a gane zaluncinsa, kuma ba a bukatar komai wajen karya dokar face tukunya da ruwan teku da itace. A 2 ga Maris ya rubuta wa Irwin wasiƙa yana sanar da shi abin da zai yi, a ciki har ya tuna masa cewa albashinsa na wata ya haura rupi 21,000, wato ninki fiye da dubu biyar na abin da talakan Indiya ke samu.

A 12 ga Maris ya fito daga mazauninsa na Sabarmati kusa da Ahmedabad, yana da shekara 60, tare da mutum 78 da ya horar da kansa. Tafiyar ta kai kilomita 385, kuma da gangan aka ja ta har kwana 24, ana yada zango a ƙauyuka yana jawabi, 'yan jarida na gida da na waje suna aika labari kullum. Dagatai da yawa a kan hanya suka ajiye muƙamansu. Gwamnati ta shiga tsaka mai wuya: idan ta kama shi ƙasa za ta tashi, idan ta ƙyale shi kowa zai ga doka ba ta da haƙori. A safiyar 6 ga Afrilu, a bakin teku a Dandi, ya sunkuya ya ɗauki dunƙulen laka mai gishiri. Cikin makonni kaɗan ana dafa ruwan teku a gaɓar ƙasar ko'ina, ana tallar haramtaccen gishiri a titunan Bombay, mata da ba su taɓa fita harkar siyasa ba suna tsaye a ƙofar shagunan giya da na yadin waje suna hana ciniki. Kafin shekara ta ƙare an ɗaure mutum fiye da 60,000.

Bayan an kama Gandhi a farkon watan Mayu, jagoranci ya koma hannun Abbas Tyabji, wani tsohon alƙali Musulmi, shi ma aka kama shi, sai mawaƙiya Sarojini Naidu ta karɓa. A 21 ga Mayu ta jagoranci mutum kimanin 2,500 zuwa ma'aikatar gishiri ta Dharasana, wadda aka kewaye da waya da rami. Sahu na farko ya taka a hankali zuwa wajen 'yan sanda, suka hau su da gora mai ƙarfe a kai, mutane suna zubewa da fasassun kawuna da karyayyun kafaɗu, babu wanda ya ko ɗaga hannu ya kare kansa. Masu makara suka kwashe su, sahu na biyu ya tako, aka yi masa yadda aka yi wa na farko, haka aka yi ta yi har rana ta take. Wani ɗan jaridar Amurka, Webb Miller, yana wurin, ya ƙirga raunana 320 a asibitin wucin gadi, kuma duk da ƙoƙarin hukuma na tare saƙonsa, labarin ya fito a jaridu fiye da dubu a duniya. Ba a ƙwace ma'aikatar ba. Abin da Ingila ta rasa a ranar shi ne iƙirarin da ta daɗe tana yi cewa wayewa da doka ta kawo wa Indiya.

Wani ɓangare da ba a cika ambata ba shi ne na Musulmin ƙabilar Pashtun a kan iyakar Afganistan, mutanen da Turawa ke kwatantawa da son bindiga da ɗaukar fansa. Khan Abdul Ghaffar Khan ya kafa ƙungiyar Khudai Khidmatgar a 1929, masu jajayen riguna, waɗanda ke rantsuwa ba za su ɗauki makami ko fansa ba. Bai ɗauko hujjarsa daga addinin Hindu ba, ya kafa ta ne a kan haƙurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sahabbansa a zamanin Makka. A 23 ga Afrilun 1930, a kasuwar Qissa Khwani ta Peshawar, sojoji suka buɗe wa taronsu wuta aka kashe mutane da yawa. A cikin wannan rikici ne wasu sojojin rundunar Garhwal, mabiya addinin Hindu, suka ƙi bin umarnin harbin Musulmin da ba su da makami, aka yanke musu ɗauri mai tsawo a kotun soja. Ga gwamnatin da ta dogara da sojan haya na cikin gida, babu labarin da ya fi wannan ban tsoro.

Idan aka auna da takarda, ribar 1930 kaɗan ce. Yarjejeniyar Gandhi da Irwin ta 5 ga Maris 1931 ta saki fursunonin da ba su yi tashin hankali ba, ta bar mazauna gaɓar teku su haɗa gishirin amfanin gida, amma harajin bai tashi ba. Ba ta kuma ceci Bhagat Singh ba, matashin da ya zaɓi hanyar bindiga, wanda aka rataye a 23 ga wannan watan, kuma matasa da yawa ba su yafe wa Gandhi wannan ba. Taron da aka yi a Landan a ƙarshen shekarar kan makomar Indiya ya watse ba sakamako, magajin Irwin, Willingdon, ya haramta Congress ya murƙushe zagaye na biyu cikin sauri. Sai dai Winston Churchill ya gane abin da ya faru fiye da kowa, lokacin da ya yi ƙorafin ganin wani fakiri rabinsa tsirara yana hawa matakalar fadar wakilin sarki don su yi magana a matsayin tsara. Dokar 1935 ta ba larduna ikon kansu, a zaɓen 1937 kuma Congress ta kafa gwamnati a mafi yawansu.

Ana yawan cewa wannan hanya ta yi aiki ne kawai don Turawan Ingila masu sauƙin hali ne. Wanda ya san tarihin Satiru ba zai karɓi wannan magana ba, domin a 1906, shekarar da Gandhi ya fara gwagwarmayarsa a Transvaal, sojojin Ingila suka shafe wannan gari na kusa da Sakkwato, suka kashe mutum kimanin 2,000. Bambancin yana wani wuri. Indiya tana da jaridu da layin waya da jirgin ƙasa da jam'iyya mai rassa har ƙauye, Ingila kuma tana da majalisa da 'yan adawa da masu zaɓe, ga ra'ayin jama'ar Amurka da take kunyar ɓatawa. Uwa uba, gumin Indiyawa da kuɗinsu Ingila take bukata, ba ƙasarsu kaɗai babu mutanenta ba. Inda waɗannan sharuɗɗa suka yi ƙaranci, dabarar takan yi rauni.

Rauninta na farko ya bayyana a cikin gida. Dakta Bhimrao Ambedkar, jagoran 'yan Dalit, waɗanda tsarin gado na Hindu ya ajiye a ƙasan kowa har ana ƙyamar taɓa su, ya samo musu daga Ingila a 1932 damar zaɓen wakilansu su kaɗai. Gandhi, yana kurkukun Yerwada, ya shiga azumin sai mutuwa don a soke wannan, yana cewa zai tsaga al'ummar Hindu. Ambedkar ya ga cewa idan tsohon ya mutu jama'arsa za a huce a kansu, ya sa hannu a yarjejeniyar Poona, wadda ta ƙara musu kujeru daga 71 zuwa 148 amma ta cire zaɓen na su kaɗai. Har ƙarshen rayuwarsa yana kallon wannan azumi a matsayin tilasci. Da wuya a ce bai da gaskiya, domin makamin da aka ƙera don mai ƙarfi a wannan karon a kan mafi rauni aka juya shi.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sauya komai. A 1939 Babban Gwamna Linlithgow ya shigar da Indiya yaƙi ba tare da shawartar kowa ba, gwamnatocin Congress suka yi murabus, abin da ya buɗe wa jam'iyyar Muslim League ta Jinnah fili, har a 1940 ta nemi ƙasa ta daban ga Musulmi. A 8 ga Agustan 1942 Congress ta ce Ingila ta fice nan take, washegari aka kwashe shugabanninta duka. Da babu masu riƙe linzami, jama'a suka tumɓuke layin dogo, suka yanke wayoyi, suka ƙona ofisoshin 'yan sanda da gidajen waya, gwamnati kuma ta fito da bataliyoyi fiye da 50 har da harbi daga jiragen sama. Linlithgow ya kira shi tawaye mafi muni tun 1857. Ba za a kira wannan zango na lumana ba. A 1943 yunwa ta kashe mutum kusan miliyan 3 a Bengal. Subhas Chandra Bose, tsohon shugaban Congress da ya raba gari da Gandhi, ya haɗa runduna daga fursunonin yaƙi Indiyawa ya yi yaƙi a gefen Japan, kuma da aka gurfanar da hafsoshinsa a Delhi a ƙarshen 1945 ƙasa ta tsaya musu. A Fabrairun 1946 sojojin ruwa kimanin 20,000 suka yi bore daga Bombay. A ɓangaren kuɗi kuma, Ingila ta fito daga yaƙi Indiya na bin ta bashin fam biliyan 1.3, ga sabuwar gwamnatin Leba ta Clement Attlee da ba ta da niyyar kashe abin da ba ta da shi don riƙe ƙasar da ta ƙi ta. Waɗannan duka sun taru kafin Ingila ta tattara kayanta. Rawar gwagwarmayar lumana ita ce ta shafe shekara 25 tana cire wa talaka tsoron gidan yari, tana sa ɗan sanda da akawu da soja shakkar aikinsu, har ranar da Landan ta duba ta ga ba ta da tabbacin za a bi umarninta.

A kan rikicin Hindu da Musulmi kuwa, dabarar janye haɗin kai ba ta da abin kamawa, domin maƙwabci ba gwamnati ba ne da za a ƙi biya wa haraji. A 16 ga Agustan 1946 Kalkata ta kama da wuta, aka kashe mutum kimanin 4,000 cikin kwanaki kaɗan, kisan ya bazu zuwa Noakhali da Bihar da Punjab. Lauyan Ingila Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa zuwa Indiya ba, aka ba shi mako biyar ya shata iyaka tsakanin Indiya da sabuwar ƙasar Pakistan da aka yanke shawarar ware wa Musulmi. Pakistan ta samu 'yanci a 14 ga Agustan 1947, Indiya a 15, mutum kusan miliyan 15 suka bar gidajensu, waɗanda suka mutu kuma ƙiyasi ya kama daga dubban ɗaruruwa zuwa miliyan biyu. Gandhi bai halarci bikin Delhi ba. Yana Kalkata a wani gidan Musulmi, kuma azumin da ya yi a can a farkon Satumba ya sa 'yan daba suka kawo makamansu suka zube a gabansa, tun kafin wannan ma, a watan Agusta, Babban Gwamna Mountbatten ya ce mutum guda ya yi a Bengal abin da sojoji 55,000 suka kasa a Punjab. Amma wannan kwarjinin mutum ɗaya ne, ba tsari ba. Shi da kansa ya faɗa a wannan shekarar cewa abin da mutanensa suka yi shekara da shekaru juriyar marar makami ce kawai, zuciya ba ta bar gaba ba.

A Janairun 1948 ya sake azumi a Delhi don a daina kashe Musulmi, a kuma biya Pakistan rupi miliyan 550 na kasonta da gwamnatin Indiya ta riƙe. A 30 ga watan, yana kan hanyar zuwa addu'ar yamma, Nathuram Godse, wani mai tsattsauran ra'ayin Hindu da ke zarginsa da fifita Musulmi, ya harbe shi har lahira. Abdul Ghaffar Khan, wanda ya yi adawa da raba ƙasar, ya tsinci kansa a Pakistan, inda gwamnati ta ɗaure shi a 1948, 'yan sanda suka buɗe wa magoya bayansa wuta a Babrra a watan Agusta, aka kuma haramta ƙungiyarsa. Ya yi shekaru da dama tsakanin kurkuku da gudun hijira a ƙarƙashin gwamnatocin ƙasarsa, ya rasu a Peshawar a 1988, aka binne shi a Jalalabad ta Afganistan bisa wasiyyarsa.